Godiya ga duk wanda ya sa hannu a rubutun nan

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, mujallar ɗaliban lauya ta tsangayarmu ta fito, wadda muka ware ta kacokan kan doka da bambancin da ke tsakanin mai hali da talaka, kuma rubutuna kan beli da zaman jiran shari'a yana ciki. Tun jiya waya ba ta huta ba, wasu na amsa wasu wallahi ban samu dama ba, shi ya sa na ce bari in yi godiya gaba ɗaya a nan.

Farko Malaminmu na dokar laifuka, Allah ya ƙara daraja Malam. Shi ne ya ce min kukan talaka kowa ya iya rubuta shi, aikin ɗalibin lauya shi ne ya ɗauko sashe ya ajiye kusa da abin da ke faruwa a caji ofis. Haka na yi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in an kama mutum a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in dai akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka, ta hana a kama uba ko mata ko ƙani a madadin wanda ake nema, ta hana a tsare mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya tunda ba laifi ba ne, ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata, har ma ta ce ba a hana mace tsayawa beli don kawai ita mace ce. Kano ma ta yi tata dokar a 2019. Duk wannan yana rubuce baro-baro, amma har yau wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke ba a yanke musu hukunci ba, kuma in ka duba su waye za ka ga ɗan dako ne da mai adaidaita da yaron shago, mai hali tun kafin magariba lauyansa ya zo ya fito da shi.

Godiyata mafi girma ga iyayenmu mata da suka yarda suka zauna da ni suka ba ni labarin 'ya'yansu, ba zan kama suna ba kamar yadda muka yi alkawari. Akwai wata Inna da ta sayar da keken ɗinkinta ta biya wani mutum ya tsaya wa ɗanta, saboda an gaya mata wai mace ba ta beli, alhali doka ta ba ta dama kuma belin ma an ce kyauta ne, ga shi nan manne a bangon caji ofis. Da na karanto mata sashen na fassara, cewa ta yi "to ɗana me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mana?" Inna Allah ya mayar miki da alheri, maganarki ce ta zama kan rubutun.

Sai editarmu, Anti, kin sha fama da ni kan tsawon rubutu, kin yanke min shafi guda kan babi na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya yi alkawarin ilimi da lafiya amma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu ba za ka iya kai ƙara a kai ba. Har yanzu ina ganin da an bar shi, amma na gode, zan dawo da shi a fitowa ta gaba in sha Allah. Lauyoyin Legal Aid Council da suka ba ni lokacinsu ga tarin fayil a gabansu, hukumar nan tun 1976 take amma mutanen unguwarmu da yawa ba su san akwai inda talaka zai samu lauya kyauta ba. 'Yan ajinmu da suka yi karo-karo aka biya kuɗin bugawa, da mai shagon fotokofi da ya ɗaga mana ƙafa har aka haɗa kuɗin, da Yayana da ya riƙa turo min data ba tare da ya tambayi me nake yi da ita ba, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Masu cewa me ya sa aka yi da Turanci bayan waɗanda abin ya shafa Hausa suke ji, gaskiyarku, mun fara mayar da sassan beli da kamu zuwa Hausa a takarda ɗaya tal wadda za a iya rabawa a masallatai da tasha da makarantun Islamiyya na matan aure. Duk mai son kwafi ko wanda zai taya mu duba Hausar ya same ni a tsangaya bayan azahar, ban da Juma'a.