Ruwan batir, daga kwalba zuwa jel

Shekara 11 ke nan ina harkar batir da sola a Kano, ni da yarana uku. Da batir mai ruwa na fara, kuma Allah kaɗai ya san wanduna nawa asid ya huda mini. Shi ya sa da batirin jel ya yawaita a kasuwa na karɓe shi hannu bibbiyu. Dalma ce da asid ɗin da muka sani, sai dai an cuɗa asid ɗin da garin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, har ya kame, kamar kokon da ya kwana a kwano. Ko ka karkata shi ba ya zuba. Kamfanin Sonnenschein na Jamus ne ya fito da shi tun 1957.

Amma yana da halinsa. Bara wani Alhaji ya dawo mini da guda huɗu, ransa a ɓace, wai na sayar masa da jabu. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu duba." Ashe wanda ya haɗa masa ya bar caji ya haura bolt 15, alhali jel mai bolt 12 bai son ya wuce 14 da ɗan ɗoriya, ga shi an jibge su a ɗaki mai rufin kwano ba taga. Muka fasa ɗaya. Jel ɗin ya bushe, ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Afrilu. Mai ruwa sai ka ƙara masa ruwa ya farfaɗo, wannan kuwa in ya bushe sai masu sayen dalma.

Kwanaki ƙanina da ke karatun sinadarai ya zo shago yana zuzuta wani sabon abu, haidirojel. Dangin abin nan ne na cikin ƙunzugun jarirai, mai shanye ruwa ya riƙe. Ana jiƙa shi da ruwan gishirin tutiya, a shimfiɗa shi tsakanin faranti biyu marasa kauri, sai a sami batir da za ka lanƙwasa, har a ɗinka shi jikin riga ko madaurin agogo. Masu bincike a Hong Kong sun yi nisa a kai. Abin da ya burge ni, tunda ruwa ne a ciki, ba ya kamawa da wuta irin na litiyam da ke kumbura a wayoyin mutane.

Ƙarfinsa ne bai kai ba. Ruwa yana fara rabewa ya koma iska daga bolt 1.23, shi ya sa irin waɗannan ba sa kamo 3.7 na litiyam. Sannan ga tsohon ciwon nan, bushewa. Ƙanina ya ce masu binciken suna zuba giliserin ko gishiri mai yawa don ya riƙe danshi.

Na ce masa, "To madalla. Ran da ya shigo hannunka, kawo mini ɗaya in rataye shi a ƙofar shago, ya sha hunturu ya sha bazara, sannan mu sa masa mita."