Sandar da ta karkata hagu

Yau da hantsi ƙanena ya kira ni daga Marwa, murya a sama: "Yaya, laburaren nan naka na lissafin kaya ya ƙi buɗe fayil ɗina." Laburaren da yake nufi tarin lambar kwamfuta ne da na rubuta. Shi yana kan Windows; ni kuwa a nan Garwa, kan Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban, lafiya lau yake gudu. Na ce ya turo min hoton allonsa ta WhatsApp. Ina dubawa sai dariya ta kufce min. Ya rubuta hanyar fayil ɗin, wato adireshinsa a kwamfuta, "C:\takardu\nama.csv" cikin Python, harshen shirya manhaja, ita kuwa ba ruwanta da takardu balle nama: \t ta karanta shi tazara, \n kuma sabon layi. Hanyar ta wargaje tun kafin a je neman fayil. Ina shirin yi masa tsiya sai idona ya faɗa kan nawa aikin. Ashe da "/" nake tsinka hanya gida-gida, alhali Windows da "\" take miƙo min ita. Dariyar ta koma ciki.

Tun 1983, da MS-DOS 2.0, magabaciyar Windows, ta kawo folda, aka ɗauki wannan sanda mai karkata hagu, "\", don raba sassan hanya, don "/" tuni tana aikin zaɓin umarni. Na ce masa ya gyara rubutun hanyarsa, ni kuma na zauna na mayar da komai kan pathlib, mai sarrafa hanyar fayil daidai da kowace kwamfuta, wadda ke cikin Python tun 2014, ƙyuya ce kawai ta hana ni taɓa ta. Kafin la'asar ya rubuto: "Ya buɗe, Yaya." Har yanzu ina tunanin cewa wata uku ina gwaji, ban taɓa kunna abin nan a kwamfutar kowa ba sai tawa.