Ciki da Falo Ma Yana Da Fili, In An Iya Jera Shi

Sana'armu gyaran ɗaki ce da jere, kuma yawancin aikin da ke zuwa mana a Kano ba na manyan gidajen Nasarawa ba ne. Ciki da falo ne na haya, a Kurna ko Ɗorayi ko Sheka, inda amarya za ta tare da kayan da suka ishi gida mai ɗaki huɗu.

Kafin a yi maganar launi, awo muke fara yi. Ɗakin da magina suka saba fitarwa ƙafa 12 ne da 12. Gado mai ƙafa 6 da 6 shi kaɗai ya cinye rubu'in ɗakin. A kawo sif mai zurfin ƙafa 2, ƙofarsa kuma tana son wurin buɗewa, ga madubi, ga durowar gefen gado. Ina za a shimfiɗa darduma a yi salla? Shi ya sa muke yin sif mai ƙofar turawa gefe, mu kai shi har silin don akwatunan lefe su shige sama, mu sa wa gado durowa a ƙasa ta zannuwa da barguna.

A wurin Gwaggona na koyi jere, a cikin gari, lokacin da ake ɗora kwalla da langa da samiru har su kusa taɓa rufi. Duk yawan kayan nan, ba ta taɓa yarda a tare tsakar ɗaki ba. Komai bango yake bi, ya hau sama. Takan sa ni in tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni me idona ya fara gani, in na ce kaya, sai a sake. Har yau da wannan idon nake aiki.

Labule kuwa nan gwaninta take. Ba a kafa ƙarfensa a kan goshin taga. Muna ɗaga shi kusa da silin, mu zarce faɗin tagar da kamar taƙi ɗaya kowane gefe, ya sauko har ya shafi tayil. Sai ɗakin ya yi tsawo, tagar ta yi girma, hasken kuma ya shigo gaba ɗaya idan an yaye. Ni da kaina nake shiga Kantin Kwari in ɗaga yadi a rana in ga yadda haske ke ratsa shi. Fenti ruwan madara ko ruwan toka mai haske, madubi dogo ya fuskanci taga, tayil manya masu santimita 60 don layuka su ragu. Fari fat ba ma ba da shawararsa, ƙurar hunturu ba ta raga masa.

Inda muke shan fama shi ne kujeru. Uwar amarya za ta ce, "'Yar nan, sai mai zaman mutum bakwai, kada dangin miji su raina mu." Nakan ce, "Hajiya, ki bari in gwada miki." Sai in zana girman kujerun da alli a ƙasa, in ce ta bi ta tsakani. Da yawa a nan suke saukowa, mu yi mai kusurwa guda ɗaya, mai ƙafafu, wadda ake hango ƙasa ta ƙarƙashinta, da tum-tum biyu na baƙi.

Sai kuma masu kwaikwayo. Su ɗauki hoton aikinmu a Instagram, su kai wa wani ya yi a rabin kuɗi da katakon nan na garin zarto da aka manne. Damina ɗaya, ya sha danshi ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa. Mu katakonmu a 'Yan Katako na Na'ibawa muke zaɓa, busasshe, kuma kafintanmu ba ya barin gefen allo a buɗe. Mai cewa mun yi tsada, ya zo ya ja durowar da muka yi shekarun baya ya ji yadda take tafiya.

Mai shirin biki ya neme mu tun kafin a ba kafinta kuɗin kaya, a fara auna ɗakin tukuna.