Katafilar Kawu ta girmi dam ɗin Bakolori

Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Talata Mafara a 'yan shekarun nan ya san ƙa'idarta: a fita da hantsi, a juyo tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Haka muka yi, ni da wani dattijon bakanike da ya fara taɓa manyan injinan hanya tun ana ce wa yankin Jihar Arewa maso Yamma. Muka wuce Bunguɗu, muka wuce Maru, jami'an tsaro na tsayar da mu nan da can, shi kuwa Baba ko a jikinsa. Yana rungume da wata jakar buhu mai ɗauke da burushin waya, tef ɗin awo, alli, tsumma da 'yar gorar man gas. Ko sifana ɗaya babu. Da na yi masa magana sai ya ce yau ba gyara ya kawo mu ba, tambaya za mu yi mata.

Wadda za a yi wa tambayar katafilar kawuna ce. Mahaifinsa ya saye ta a gwanjo, ta yi aikin share gona da ja da garma har ƙarfinta ya ƙare, aka jingine ta. Bana 'yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi a kan nauyi. Kafin Kawu ya sallama, ya kira wani mai sayar da kayan manyan injina a Kano ya ji ko har yanzu ana samun kayanta. Mutumin ya tambaye shi wace iri ce, mece ce lambarta. Kawu ya ce katafila ce, rawaya. A nan maganar ta tsaya.

Daga Mafara muka hau babura muka bi gefen magudanan ruwa, shinkafar rani ta yi kore shar hagu da dama. Ruwan daga dam ɗin Bakolori yake zuwa, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Tsofaffin wurin ba su manta da rikicin diyyar gonaki na 1980 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Aikin dam ɗin ya shiga ran mutane har ta kai duk wani tsohon ƙarfe da aka gani yashe a daji sai a ce na Italiyawa ne. Ita ma katafilar Kawu haka kowa ke kiranta, kuma maganar ba ta rasa makama ba, domin Impresit reshen Fiat ne, Fiat kuwa na ƙera irin waɗannan injina masu tafiya a kan sarƙa.

Mun same ta a gindin wata tsamiya, sarƙarta ta nutse a ƙasa kusan taƙi guda, awaki sun mayar da inuwarta wurin hutu, rina ta yi gida a ƙarƙashin kujerar direba. Kafin mu gama gaisawa da Kawu maƙwabta sun taru.

Baba bai kula fentin ba sam. Ya ce launi shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarya, don kowa na iya sayen gwangwanin fenti. Gaskiya ne a wajen masana'anta kowane kamfani da nasa: International ja, Allis-Chalmers ruwan lemo, Caterpillar kuwa toka-toka take fitowa har zuwa 1931 da ta koma rawaya. Amma injin da ya shekara hamsin yana sauya hannu, wa ya san sau nawa aka shafe shi? Sai ya zagaya bayan babban injin ya nuna mana wani ƙaramin inji da ke maƙale da shi, mai silinda 2 da fulogi da wurin naɗa igiya.

"Alhaji, wagga ba ta Italiyawa ba ce," in ji shi. "Ga shaida nan."

Ya yi mana bayanin da har yaran wurin suka yi tsit. Yawancin tsofaffin Caterpillar masu shan gas ba su da makunnin lantarki. Wannan ƙaramin injin fetur ake fara tayarwa da igiya, a bar shi yana aiki yana ɗumama ruwan babban injin, hayaƙinsa kuma na ɗumama iskar da babban zai shaƙa. Sannan a haɗa su, ƙaramin ya riƙa juya babban ba tare da matsi ba har bakin mai ya zagaya ko'ina, kana a rufe matsin a buɗe gas. International ba haka take yi ba. Ita inji ɗaya ne, gefe guda fulogi, gefe guda nozul, ya tashi da fetur sannan a juya shi zuwa gas. Da ya goge wani ƙarfe a gefen injin da burushi, sunan Caterpillar ya fito a zube a jikinsa.

Kamfani ya samu, saura iri. Ya sa wani yaro ya ƙirga bututun da ke kai gas zuwa nozul. Huɗu. Silinda 4 ke nan. To a jerin ire-iren Caterpillar, D6 da D8 sun fita, don su ba silinda 4 gare su ba. Saura D2, D4 da D7 na wancan zamanin. Sai ya miƙo min bakin tef ya ce in ɗora a tsakiyar sarƙar hagu, shi ya ja zuwa tsakiyar ta dama. Inci 60 cif. D2 tana zuwa da inci 40 ko 50, D7 kuwa 74, ga ta kuma gabjejiya. D4 ce kaɗai ke da 44 ko 60. A raina na ce wannan dabarar ta fi duk wani hoto da mutum zai tura wa dillali a WhatsApp, don hoto ba ya nuna girma, musamman ga injin da rabinsa ke cikin ƙasa.

Wurin lambar ne ya ci mana lokaci. Kamfanin kan manna 'yar farantin ƙarfe a wuri biyu, ɗaya a jikin injin ta hagu, ɗaya a bayan katafilar. Ta bayan an daɗe da ɓalle ta, ramukan ƙusa kawai suka rage. Wani matashi ya ce shi ke nan, an yi asara. Baba bai tanka masa ba. Ya jiƙa wurin da gas, ya durƙusa yana gurzawa, tsatsa da tsohon fenti na zubowa a kan rigarsa. Da ƙarfen ya yi fari sai ya shafa alli ya goge da tafin hannu, allin ya maƙale a cikin ramukan da aka buga da guduma. Lambar na nan a ƙarƙashin inda farantin take a da. Farkonta 7U, sai lambobi biyar.

Haruffan farkon nan su ne sunan gidan da injin ya fito. A zuriyar D4, masu 7J an yi su daga 1939, sai 2T da 5T a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da ɗan bayansa. Daga 1947 zuwa 1959 aka yi 6U, mai ƙaramin faɗi, da 7U, mai inci 60, dukansu da injin da ake kira D315, a masana'antar kamfanin da ke Peoria a Amurka. Awon da muka yi da lambar sun yi daidai. Farantin jikin injin kuwa tana nan, maiƙo ne ya rufe ta, kuma lambarta iri ɗaya ce da ta baya. Ma'ana ba a taɓa sauya mata inji ba. Garmar turin ƙasa da ke gabanta dai ba tata ba ce, ɗinkin waldar ma ya nuna aikin gida ne.

Shekara goma sha biyu tazara ce mai faɗi, Kawu kuma so yake a faɗa masa shekara ɗaya. Baba ya ɗauki alli ya rubuta NUMERALKOD a jikin tankin gas, ya jera 0 zuwa 9 a ƙarƙashin haruffan. Da waɗannan haruffa kamfanin ke ɓoye ranar da aka zuba ƙarfe: N sifili, U ɗaya, har zuwa D tara. Ya gargaɗe mu kada mu duba ƙananan kaya, don ana sauya su. Manyan ƙarafan da ba a cirewa muka bi, yara na riƙe mana fitilar waya. Biyu sun ƙare da AE, wato 53, ɗaya da AR, wato 54. Tunda ba a harhaɗa inji kafin a zuba ƙarfensa, 1954 ke nan ko gab da ita. Agogon da ke ƙirga awannin aikinta ma yana nan, amma Baba ya ce a rabu da shi, ya daɗe da tsayawa.

Wani tsoho da tun ɗazu yake rantsuwa ya ga Turawan Italiya a kanta ya ce to ai da idonsa ya gani. Baba ya ce bai ƙaryata shi ba, mai yiwuwa ya gan su a kan wata, amma wannan ta shekara 20 a duniya kafin a sari ƙasar farko a Bakolori, kuma ta riga 'yancin kan Nijeriya da shekara 6. Aka yi dariya, tsohon ya gyara hularsa ya ce shi dai bai yarda ba.

Matar Kawu ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, muka ci a nan gindin tsamiyar. A kan akushin Kawu ya yi tambayar da ta dame shi: a sayar ko a gyara? Baba ya wanke hannu, ya nemi ƙarfen haƙa ya sa a inda ake juya injin, ya danna da nauyinsa. Ya motsa kaɗan. Bai kafe ba ke nan, kuma gwangwanin da wani ya kifa a bakin salansa ne ya hana ruwan damina shiga. Inda kuɗi za su tafi, in ji shi, ƙasa ne: haƙoran garen baya sun yi tsini, rola biyu sun mutu, sannan ƙaramin injin ba shi da maganeto, abin da ke ba fulogi wuta, an cire.

Na kwafe lambar a takarda na ba Kawu, na kuma ɗauke ta a waya. Baba ya zuba gas gauraye da baƙin mai ta ramukan nozul, ya ce a bar shi ya jiƙa har sati biyu, kada kowa ya gwada janta da tarakta. Inuwa ta fara karkata, masu babura na ta danna mana ham. Kawu ya rako mu bakin hanya yana tambayar me zai gaya wa 'yan gwangwan idan sun dawo ran Talata.

"Ka ce masu ba ta sayarwa ba ce tukuna," in ji Baba yana hawa babur. "In Kano sun ce akwai maganeto, ka aiko a kira ni."