Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a wannan jinya

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, na miƙe, har na fara fita masallaci.

Masu tambayar abin da ya kwantar da ni, ga bayani. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allurai, shiru. Aka koma taifot, na sha kafso har jikina ya feso da ƙuraje, amma da la'asar ta yi sai zazzaɓi ya dawo, dare kuma zufa ta jiƙa zanin gado. Kasala kuwa, ɗaga buta ma aiki ne. Sai da wata likita ta ga gwajin hantata ya hau, ta sa aka sake ɗibar jini, aka gano ƙwayar da ake kira CMV, dangin wadda ke kawo ƙarambau.

Wannan baiwar Allah ita zan fara gode wa, don ta yi abin da ba kowane likita ke iya yi ba: ta tsayar da magungunan duka. Ta ce akasarin manya a ƙasashenmu suna ɗauke da ƙwayar tun yarinta ba su sani ba, kuma idan ta shiga jiki ta zauna ke nan. Mai lafiyayyar garkuwar jiki hutu yake buƙata da ruwa da haƙuri. Maganinta mai ƙarfi, ganciclovir, na waɗanda garkuwarsu ta yi rauni ne, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda. An yi mini gwajin HIV, babu, masu raɗe-raɗi sai su huta. Ta kuma hana ni ɗaukar kaya mai nauyi da buga ƙwallo, saboda saifata ta ɗan kumbura.

Inda hankalinmu ya tashi shi ne maiɗakina tana da juna biyu. Ƙwayar na iya kaiwa ga ɗan da ke ciki, har ta taɓa masa ji, kuma ƙananan yara ne suka fi yaɗa ta ta yawu da fitsari. Nan Inna ta baro ɗakinta ta tare a gidanmu, ta karɓe wankin autanmu da ba shi abinci, ta ware mini kofi da cokalina. Inna, Allah Ya saka da Aljanna.

Yaya, kai ka riƙe shago, ka biya kuɗin gwaje-gwaje ba ka bari na ji adadinsu ba. Na gode. Maƙwabta masu aiko kunu da farfesu, liman da jama'ar masallacinmu, abokan kasuwa da suka ɗaga mini ƙafa kan bashi, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, a yi mini afuwa, barci ne.

Likita ta ce gajiyar kan ɗauki makonni kafin ta sake ni gaba ɗaya, saboda haka rabin yini zan riƙa yi a shago tukuna. Maiɗakina na ci gaba da zuwa awo, ku sa ta a addu'a Allah Ya sauke ta lafiya.