Asabar a gona: mun rataye ƙofar mahayi

Asabar, bayan isha'i.

Yau muka rataye ƙaramar ƙofar da ke tsakanin barga da makiyayar shanu, wadda ake so mahayi ya buɗe ya wuce yana kan sirdinsa, ta kuma rufe kanta a bayansa. Zan rubuta awon tun yana kaina, don akwai irinta da za a yi a ɓangaren rafi idan an gama girbi.

Ginshiƙan biyu tun makon jiya suke cikin kankare, sun kama sosai. Fayif ne inci 4 mai kauri, ramin kowanne zurfinsa santimita 90, faɗinsa 45, kwaɓin kuwa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Icce ba ya daɗewa a wannan ƙasar saboda gara. Mun toshe bakin fayif ɗin na sama da faranti aka bi da walda, domin in an bar shi a buɗe ruwan damina zai taru a ciki, tsatsa ta ci shi daga gindi ba wanda ya gani. Ginshiƙin da ke ɗauke da hinji shi ne abin lura. In ya karkata ko da santimita ɗaya ne bayan ƙasa ta jiƙa, duk lissafin da zan faɗa a ƙasa ya rushe.

Sararin da ke tsakanin ginshiƙan mita 1.6 ne. A Ingila, inda hanyoyin dawaki ke ratsa gonakin mutane, dokar hanyoyi ta 1980 ta ce ƙofar da ke kan irin wannan hanya kada ta gaza ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya. Mu mun ƙara kaɗan saboda likkafarmu ta gargajiya tana da faɗi, ga babbar riga, ga kayan doki masu lilo ta ko'ina. Ƙyauren da kansa fayif ne inci ɗaya da rabi, tsayinsa mita 1.2, ya ɗan fi sararin faɗi don bakinsa ya kwanta a jikin ginshiƙi. An sa masa ƙarfe guda a karkace, daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata, shi ke hana baki saukowa. Ba a cika shi da falle ba, sanduna ne da sarari a tsakani, don ƙyaure mai falle iska ke juya shi yadda ta ga dama.

Da hantsi Alhaji ya zo ya tsaya a kanmu, ya ce me zai hana a yi babbar ƙofa guda, mota ta bi, doki ya bi, a huta. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ƙyauren mita 4 mutum ba ya riƙe shi da hannu ɗaya daga kan doki. Kafin ya tura shi ya isa inda doki zai wuce, nauyinsa ya fizge masa hannu, in kuma iska ta kaɗa sai ya dawo ya bugi dokin a cinya.” Ya yi shiru, ya ce a yi yadda aiki ya nuna. Don haka hanya biyu ce kusa da juna, ta doki daban, ta mota daban.

Yawancin masu son irin wannan ƙofa hankalinsu na kan sakata. A ganina hinji ne tushen aikin, kuma shi ya ci mana rabin wuni.

Ƙyaure yana rufe kansa ne idan layin da ke tsakanin ƙusar hinjin sama da ta ƙasa bai tsaya cak ba. Duk inda kan layin nan ya karkata, nan ƙyauren ke son ya koma. To sai a sa ƙusar sama ta fi ta ƙasa nisa daga ginshiƙi, wato ta karkata zuwa wajen sakata, sannan a ƙara wa zoben hinjin ƙasa tsawo don ƙyauren ya zauna daidai idan yana rufe. Da an buɗe shi bakinsa zai riƙa ɗagawa sama, da an sake shi nauyinsa ya maido shi, kamar lilo. Shi ya sa muka yi zoben hinjin da bolti mai zare da noti biyu, ba mu kafe shi da walda ba, don a riƙa matsawa ana sassautawa.

Tsakanin hinjin biyu mita ɗaya ne. Mun fara da karkatar santimita 3. Da aka buɗe ƙyauren sosai bakinsa ya tashi kusan santimita 5, da aka sake shi ya rufe cikin daƙiƙa huɗu ko ƙasa da haka, da ƙara mai ƙarfi. Wannan ya yi sauri ƙwarai. Doki yana da tsawo, kafaɗarsa na wucewa mahayi ya saki ƙyaure, amma ƙugu da ƙafafun baya suna tsakiyar ƙofa. In ƙarfe ya taɓa shi a nan zai zabura gaba, likkafa ta maƙale a ginshiƙi, kuma dokin da hakan ta taɓa faruwa da shi yakan daɗe bai yarda da ƙofar ba. Ƙa'idar ƙofofin karkara ta Birtaniya da aka sabunta a 2018 ta ce ƙofar dawaki mai rufe kanta ta ɗauki aƙalla daƙiƙa 8 daga buɗewa zuwa rufewa. Wannan awon muka bi.

Abin da ba a cika sani ba shi ne rage karkata ba ya rage sauri daidai wa daida. Kafin lokaci ya ninka biyu sai an mayar da karkatar kashi ɗaya cikin huɗu. Da muka dawo santimita 1 sai ya kai wajen daƙiƙa shida. Ƙasa da haka kuma ƙyauren ya yi sanyi, iska kaɗan ta isa ta tsayar da shi a hanya. Sauran daƙiƙun sai muka samo su ta wata hanya: aka yanko roba daga tsohuwar taya, aka huda, aka sa ta tsakanin zoben hinjin sama da notin da ke danne shi, ana matsawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa da agogon waya har ya haura takwas.

Nan wata matsala ta fito, wadda duk mai wannan aiki zai gamu da ita. Ƙarfin da ke maido ƙyaure ya fi yawa sa'ad da yake buɗe sosai, yana raguwa yayin da yake matsowa, a daidai bakin rufewa kuwa ba ya nan sam. Sai ƙyauren ya zo ya tsaya saura taƙi guda, sakata ba ta kama ba. Ido zai ga kamar a rufe take, ɗan maraƙi ya sa hanci ya buɗe. Maganinta a gusa ƙusar sama rabin santimita zuwa gefen da ƙyauren ke rufewa, ya zama inda yake son hutawa yana bayan ginshiƙin, don haka kullum yana dannuwa a jikinsa. Yin haka ya sa ƙofar ta zama mai buɗewa gefe ɗaya kawai. Mun zaɓi ta buɗe zuwa cikin makiyaya, don in shanu sun jingina da ita su ƙara manna ta da ginshiƙi ne. Ƙofa mai buɗewa gefe biyu ta fi wa mahayi daɗi, tunda turawa zai yi ko daga ina ya fito, amma tana bukatar hinjin ƙasa mai ƙusa biyu da sakata mai kamawa ta ko'ina, kuma ban yarda da ita ba a wurin da bijimai ke gogar jiki.

Sakatar ba ta ɗauki lokaci ba. Harshe ne na ƙarfe da ke hawa wani ɗan gangare a jikin ginshiƙi ya faɗa cikin gurbi. An haɗa shi da rodi milimita 12 da ya bi jikin ƙyauren ya fito sama da shi santimita 35, wato mariƙin yana wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda hannun mahayi zai kai ba tare da ya kwanta a wuyan doki ba. Kan mariƙin dunƙule ne mai santsi. Ba a yi masa ƙugiya ko zobe buɗaɗɗe ba, don linzami da ragama da hannun riga duk suna iya shiga. Sai an ɗaga shi tukuna sannan a ja, saboda saniya takan koyi ture abin da turi kaɗai ke buɗe shi. Mun shafa masa fenti ruwan ɗorawa don a gan shi da magariba. Duk kan bolti da ya leƙo cikin hanya an yanke shi an goge, wayar ƙaya kuma an cire ta tsawon mita 2 daga kowane ginshiƙi aka sa fayif a madadinta.

Bayan la'asar Baba mai kula da dawaki ya ɗaura wa tsohon akawal sirdi, don da doki mai sanyin hali ake fara gwaji. Yadda ake shiga ƙofar: ba a tunkarar ta gaba da gaba. Mahayi yana biyo jikin ƙyauren ne daga wajen hinji, wutsiyar doki tana wajen hinji, kansa ya wuce ginshiƙin sakata, har mariƙin ya zo daidai gwiwar mahayi. Ya tattara linzami a hannu ɗaya, ya ɗaga mariƙi da ɗayan, ya tura, ya matsa dokin da dunduniya ya juya ya shige, hannunsa na kan ƙyaure har ƙugu ya fita. Saboda wannan juyin ake bukatar fili kamar mita 4 a tsaye 4 a kwance ta kowane gefe, ƙasa a daddaɓe ba rami, kuma kada a sa sakata a lungun shinge inda kan doki ba shi da wurin shiga. Ta gefen turawa abin ya tafi sumul. Ta gefen ja sai da dokin ya ja da baya taku biyu yana gusawa gefe, Baba ya ce, “Yaro, matasan dawakin nan sai an koya musu wannan a hankali, kada a tilasta musu rana ɗaya.” Na ce, “Haka ne, Baba.” Ya kuma nuna mana wani kututture da ke gefen sakata wanda zai sa doki ya ƙi matsowa, aka tone shi.

Kafin rana ta faɗi muka buga turaku muka ja zaren ramin mota. Irin ramin nan ne da ake shimfiɗa fayif a kansa, taya ta wuce, saniya ta ga ramuka ta ƙi takawa. Ba ƙyaure, ba abin da ke motsi, don haka ba abin da zai lalace sai in an ƙi yashe shi. Faɗinsa mita 3.6, tsawonsa ta inda mota ke bi mita 2.6, don gajeren rami saniya tsallake shi take yi. Zurfi santimita 40. Fayif inci 3 mai kauri, tsakanin kowane biyu santimita 14, zai ci guda 12, a kan katangun kankare da za a gina daidai inda tayoyi ke takawa. Dole a bar masa magudana ta gefen gangare, in ba haka ba damina ɗaya yashi zai cike shi ya zama hanya. Za a yi fayif ɗin kashi biyu masu ɗagawa don shebur ya shiga. A kusurwa ɗaya za a yi ɗan gangare na siminti. A Ingila don bushiya suke yin sa, a nan kuwa ga bushiyar, ga 'yan tsaki da 'ya'yan zabi da za su faɗa su kasa fita. Awaki ba su cika jin tsoron ramin nan ba, wasu sukan bi ta kan fayif ɗin a hankali, amma wannan makiyayar ta shanu ce.

Doki kada ya kusanci ramin nan ko kaɗan. Ƙafarsa in ta zurma tsakanin fayif biyu ya yi yunƙurin fizgewa, karaya ce. Shi ya sa hinjin ƙaramar ƙofar ke gefen ramin, sakatar tana can nesa da shi, kuma za a ja shingen fayif mita 4 gaba da baya tsakanin hanyoyin biyu.

Mun tattauna ƙofar da mota ke turawa da bamba, wadda ake yi a manyan gonakin kiwo na Teksas a Amurka. Dogon ginshiƙi ne a tsakiya, ƙyauren na juyawa a kansa, an rataye shi da sarƙa daga sama. Mota ta tura gefe ɗaya a hankali, ƙyauren ya juya, sarƙar ta naɗe a ginshiƙi ta ɗaga shi, mota ta wuce, nauyinsa ya warware sarƙar ya dawo da shi. Dabara ce mai kyau, amma tana cin filin hanya biyu, kuma tarakta mai jan tirela ba ta gama wucewa ƙyauren ya dawo ya same ta a ciki. Mai aiki da rimot da batir da farantin hasken rana kuma tana son mai goge farantin kullum da hunturu, batirin ma zafin bazara na rage masa kwana. Alhaji ya amince da ramin.

Litinin za a fara haƙa. A ƙaramar ƙofar saura giris a ƙusar ƙasa kaɗai, ta sama ba a shafa mata don kada robar ta yi santsi. Za a sake auna lokacin rufewa bayan mako biyu, domin robar tana lotsawa, notin zai bukaci a ƙara matse shi.