Rugar da ba ta da ƙofar da za a sa wa alli

Jiya da dare a fada wani abokina Babarbare, wanda dama ba ya gajiya da tsokanar Filani, ya ce wai shi bai taɓa ganin Bafilatanin da sauro ya kada ba, wai sauron ne ma ka jin tsoron jininsu don duk nono ne. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi dariyar amma raina ya koma malkar bara, lokacin da kawuna ya aike ni arewacin Dakoro in dubo shanunmu guda ukku da ke hannun Baffa tun zamanin tsohona.

Wanda bai sani ba, da ruwa ya zauna gonaki suka rufe ko ina, makiyaya ba su da wurin tsayawa a nan kudu, dole su hau arewa, su wuce kwarin Tarka su nufi wajen Bermo da Gadabeji, wasu ma har Ingal. Tun 1961 a nan Nijar akwai dokar da ta shata iyakar noma ta bar arewa ga kiwo, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta, wannan kuma wata magana ce. Abin da nake son a gane shi ne a can ɗin ba a sauka sai kusa da tabki, don saniya ba ta san wani abu wai shi nisa da sauro ba, ruwa take so.

Da la'asar na bi yaran zuwa shayarwa. Bakin tabkin nan duk sawun kofato ne cikin laka, dubbai, kowane ya tara ɗan ruwa kamar cikin ludayi rana ta ɗumama shi. Na duƙa na leƙa guda, sai ga ƴan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil. To irin wanga ɗan ruwa shi sauron palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fi so, ba ruwan kwata mai wari ba, kuma cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwai ya zama sauro mai tashi. Wato garken da kansa shi ke haƙa wa sauro gida kullum safe da yamma, kuma tsakanin nan da shimfiɗar mutane bai fi jifa biyu ba.

Dare kam ban yi barci ba wallahi. Sun hura kashin shanu da ɗanyen ganye don hayaƙi, ya ɗan taimaka har wutar ta mutu, daga nan sai ta Allah. Sange, wato gidan sauro, guda ne a rugar duka, tsoho, an ɗaure hujojinsa da zare, Goggo da ƙananan yara ukku ke ciki. Samarin suna can cikin shanu kan tabarma, sanda a gefe, an lulluɓa da mayafi ƙafafu a waje. Na ce Baffa ina sangen da ake rabawa kyauta? Ya ce ɗana, ranar da aka rubuta sunaye muna Najeriya, ranar da aka raba muna kan hanya. Ya ƙara da cewa ko an ba yaron can, a jikin me zai rataya shi, ƙahon saniya? Sange mai kusurwa huɗu an yi shi ne don mai ɗaki da ƙusa, ban taɓa lura da haka ba sai daren nan.

Cikin yaran akwai wata jikarsa, ba ta fi shekara ukku ba, tun isowata tana kwance jiki kamar garwashi. Kwana ukku ke nan. Goggo ta ce masassarar damina ce, sabon nono ne ya tayar da ita, kowace shekara tana zuwa ta wuce. Sun ba ta jiƙo sun ba ta farasitamol da aka saya wurin mai tallan magani ranar kasuwa, zafin ya sauka ya dawo. Ba sakaci ba ne fa, kar wani ya ce haka, matar nan ba ta runtsa ba ita ma. Lissafi ne kawai: likita na da nisa, namiji in ya tafi wa zai tsare garke, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya kai jika nawa, kuma ga abin da kowa ya gada ya ji cewa wannan ciwon namu ne ba ya kisa.

Abin mamaki maganar abokina Babarbare tana da ɗan tushe. A 1996 wani mai bincike ɗan Italiya, David Modiano, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon aikin da suka yi a ƙauyukan Burkina Faso inda Filani ke zaune gefe da gefe da Mosi da Rimaiɓe, sauro ɗaya ke cizon kowa, amma aka tarar Filani sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini, ba su cika kwantawa ba, garkuwar jikinsu ta fi tashi da ƙarfi. Daga baya a Mali aka gwada su da Dogon aka ga haka nan, sai dai kuma saifarsu ta fi kumbura. Amma ƙaranci aka ce, ba a ce babu ba. Yarinya ƴar shekara ukku da ta kwana ukku ƙwayar na farfasa mata jini ba ta da labarin wani bincike.

Da asuba sai ta fara sanƙarewa, ido ya juye. Nan fa Goggo ta saki salati. Ban jira shawarar kowa ba na tada moto, uwar ta goye ta ta hau baya, muka yi kusan awa biyu cikin rairayi da laka sau biyu muna faɗuwa kafin mu kai wata ƙaramar likita. Majo, babban malamin asibitin, ya janye fatar idonta ƙasa, fari fat kamar takarda. Ya soki yatsa ya ɗiga jini kan ɗan abin gwajin nan, kafin minti sha biyar layi biyu sun fito. Ya fara faɗa, ku kullum sai yaro ya kusa mutuwa, uwar ba ta jin Hausa sosai ta sunkuyar da kai kawai, ni na yi ta ba shi haƙuri. Gaskiya faɗan ya ba ni haushi amma mutumin ya yi aikinsa, ya yi mata allura ya sa aka wuce da ita gaba inda ake ƙarin jini. Kuɗin magani ba a karɓa ba, tun 2006 yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne a ƙasar nan, sai dai mota da abinci da kwanakin jinya ba su cikin kyautar, ɗan maraƙi ne ya biya su.

Da aka sallame su aka haɗo su da Coartem, sau biyu a rana kwana ukku, malamar ta ce a riƙa ba ta da nono don maganin ya fi shiga jiki in akwai maiƙo. Da aka fassara wa uwar sai ta yi murmushi karon farko, nonon da aka ɗora wa laifi shi ne kuma abokin magani.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganin rigakafin damina, CPS ɗin nan da ake bi gida gida ana ba yara daga wata ukku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata tun daga watan bakwai har na goma. Jiharmu ta Maradi na cikin inda aka fara shi a Nijar a 2013, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, kuma duk uwar da ke Maradi ta san amfaninsa. A unguwarmu ƴan rele, masu rabon maganin, na zuwa har tsakar gida, su ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su fita su yi rubutu da alli a ƙofa. Duk tsarin a kan ƙofa ya tsaya. Rugar Baffa ba ƙofa, kuma inda take watan bakwai ba nan take watan takwas ba. Amma ranar allurar dabbobi ai ana samun su, ranar kasuwar Dakoro da ta Sakabal ana samun su, a bakin rijiya ana samun su, Ardo ya san inda kowa ya sauka, mai karɓar haraji ma bai taɓa ɓata hanya ba. Me zai hana mai maganin yara ya bi sawun mai allurar shanu?

Ni dai kwana goma sha ɗaya da dawowata gida palu ta kada ni, likita kuwa tana bayan gidanmu, da ƙafa na taka. Da na warke na sayi sange ukku na ba direban da ke zuwa Dakoro. Bayan sati biyu Baffa ya hau tudu ya samu rezo ya kira ni, ya ce saƙo ya iso, yarinya ta tashi har tana bin ƴan maruƙa. Na ce to an ba su maganin wanga wata? Ya ce sun ji labarin masu rabon sun zo tabkin can, amma su lokacin sun kwana huɗu da tashi.